Falalou Ya Koya wa Fanka Tashin Mujiya

Duk ɗan Nijar ɗin da ya taɓa tsayuwa a mahattar Jadid, inda 'yan ƙwadago ke jiran motar da za ta kwashe su zuwa aiki a garin Sabha, ya san Falalou. Ko bai san fuskarsa ba, ya san muryarsa. Mutumin Matamaye ne, dogo, siriri, da fensir maƙale a kunne wanda ba a taɓa ganin ya yi rubutu da shi ba. Aikinsa ɗaukar bulo da kwaɓa siminti, amma in ka tambaye shi sai ya ce maka shi injiniya ne, takardunsa ne kawai suka faɗi a hanyar Agadas. Wai har shi ya gyara injin motar da ta kawo su, a tsakiyar Sahara, da cokali. Waɗanda suka zo tare da shi sun ce iyakar abin da suka ga ya yi a motar nan amai ne.

To, a bayan mahattar akwai gidan abincin Hassia, bazawara 'yar Tasawa, mai tuwon da ke sa ƙato ya tuna gida ya yi ƙwalla. Rumfar kwano ce da benci huɗu, kuma in zafin Sabha ya sauka a kan kwanon nan, wallahi kai da tuwon tare kuke dahuwa. Abin da ke ceton mutane fanka ce guda ɗaya, ƙatuwa, ta ƙarfe, mai tsayuwa da ƙafarta, wadda ake kira Tirela saboda ƙararta. In aka kunna Tirela hira ta ƙare. Mai son ƙarin miya sai dai ya ɗaga kwano ya nuna da yatsa.

Falalou son Hassia yake yi, so na gaske, wanda har ya sa yake cin tuwo sau biyu da rana ko ba ya jin yunwa. Sai dai ba shi kaɗai ba ne. Akwai Salifou mai walda, wanda shagonsa ke kallon rumfar, mutumin da sai ka yini da shi ba ka ji muryarsa ba. Dukansu biyu sun aika wa yayanta Sallaou, wanda ke gadin wata gonar dabino a bayan gari, shi kuma ya aiko cewa ranar Juma'a bayan masallaci zai shigo ya ci abinci, ya ji ta bakin ƙanwarsa, a yi ta ta ƙare.

Ranar Litinin ana cikin cin abinci sai Hassia ta kashe Tirela ta dafe kai.

"Wannan fanka ita ce ajalina," ta ce. "Ko barci nake yi, ƙararta nake ji."

Salifou ya ɗago kai daga kwanonsa. "Giris take so. Da noti ɗaya da ya kwance."

Falalou ya kwashe da dariya har da bugun cinya. "Giris! Ka ji aikin mutanen da. Malam Salifou, ai duniya ta daɗe da wuce giris." Ya zaro wayarsa mai fasasshen gilashi. Ashe wani bidiyo ya gani, da Faransanci, wanda a cikin kalma goma uku yake kamawa, sauran bakwai ɗin ya cike da nasa. "Jama'a, a cikinku wa ya taɓa jin tashin mujiya?"

"A'uzu billahi!" in ji Hassoumi, abokin ɗakinsa, yana tsame hannu daga miya. "Ana cin abinci kana kiran wannan abu?"

"Ba ku taɓa ji ba, don ba ta da ƙara. Tattabara in ta tashi, fat-fat-fat, kowa ya sani. Mujiya kuwa, sai dai ɓera ya ga kansa a sama. Me ya sa? Gaban fiffikenta haƙora gare shi kamar matsefi. Bayansa geza ce. Samansa laushi kamar bargo. Haƙoran su yayyanka iska ƙanana-ƙanana, gezar ta lallashe ta, laushin ya shanye ƙarar da ta rage. Shi manyan injiniyoyi suke kwaikwayo yanzu, suna yi wa fankoki, har da manyan farfelun nan masu jawo lantarki daga iska. Abokan aikina ke nan."

"Abokan aikinka ga su can suna jiran motar bulo," Hassia ta ce.

Aka tuntsire da dariya. Falalou bai ko girgiza ba.

"Ranki ya daɗe, ba ni Tirela. Kafin Juma'a zan sa ta yi shirun da sai kin taɓa ta za ki san tana juyi."

"To, Injiniya. In ka sa ta yi shiru, kuma tana ba da iska, ni da bakina zan ce wa Yaya Sallaou kai na zaɓa."

Da wasa ta faɗa, kowa ya gani. Amma ta faɗa a gaban rumfa cike da mutane, Falalou kuwa ya miƙe yana nuna su ɗaya-ɗaya da fensir yana cewa su zama shaida. Salifou ya cinye tuwonsa, ya wanke hannu, ya koma shago.

Da ma a ce a kan fanka ya tsaya! Ina. Washegari ya ce injiniya na gaske ba ya aiki da hoto, sai ya ga abin da idonsa. Akwai wani tsohon ɗakin injin ban-ruwa a wata gona da ya taɓa yin aiki, inda ya san mujiya tana wuni. Da rana tsaka ya hau tsani da buhu a hannu, yana ta sanɗa, wai barci take yi. Barcin kuwa take yi, amma ta farka. Da ya sauko, mujiya tana cikin buhu, shi kuma ga layi uku na jini daga goshinsa har karan hanci. Ya juye ta a kwalin makaroni, ya ɗaure da igiya, ya tari tasi.

Su biyar ne a motar. Wani dattijo Balarabe da ke gefensa ya ga kwali yana motsi, ya tambaye shi mene ne a ciki. Falalou ya ce masa kaza ce, Alhaji, kaza. Bai rufe baki ba kazar ta zuro kai ta ramin kwali, ta murɗa wuya gaba ɗaya, ta zuba wa direba manyan idanunta ta cikin madubi.

Wani irin birki direban ya taka, sai da kowa ya gaisa da kujerar gabansa.

"Buma! Barra! Barra!" yake ta ihu, wato mujiya, fita, fita. Dattijon ya taimaka da sandarsa. Haka Falalou ya taka da ƙafa har unguwar Sukra, inda suke haya, kwali a ka, rana tana gasa shi, yana gaya wa mujiyar cewa haka jahilai suke yi wa masu ilimi a ko'ina.

Su shida ne a ɗakin, kuma duk sun dawo daga aiki. Da ya kwance igiya suka ga abin da ke ciki, mutum huɗu suka manne da bango, Hassoumi ya kama Ayatul Kursiyyu da ƙarfi.

"Falalou, ka ji tsoron Allah! Tsuntsun da ko kuka ya yi a kan gida sai an kwana ana addu'a, shi ka kawo mana cikin ɗaki?"

"Camfi ke nan, Malam Hassoumi. Riƙe min nan in auna."

"In riƙe maka me? Allah ya tsine wa hannun da zai riƙe!"

Sai ya riƙe da kansa. Ya ja fiffike da hannu ɗaya, ya kawo abin awo da ɗayan, ya rasa hannu na uku da zai tare baki. Mujiya ta cafke babban yatsansa, ya ƙwalla ihu ya sake ta. Ta zaga ɗakin sau biyu a kan kawunansu, ta fice ta taga abinta. Ƙattai biyar suna ƙarƙashin katifa biyu.

Falalou ya ɗaga yatsa yana zubar jini, fuskarsa cike da murna. "Kun gani? Wa ya ji ƙarar tashinta?"

"Ta ina za mu ji," in ji Hassoumi daga ƙarƙashin katifa, "ihunka ya cika ɗakin?"

Kafin magariba labari ya kai Jadid. Da ya bar Sukra cewa aka yi Falalou ya kama mujiya. Da ya isa mahatta ya zama Falalou yana kiwon mujiyoyi bakwai, yana magana da su, kuma da su zai juya zuciyar Hassia. Da safen Laraba da ya je mahatta, sai mutane suka dare, kowa yana janye ƙafa kada inuwarsa ta taɓa shi. Ka ji mutum: gyara fensir ya yi, ya ce alhamdu lillahi, sun fara ba shi girmansa.

Bai bi motar aiki ba ranar. Gida ya koma, don ya ce dole a fara gwaji a kan ƙaramin abu, ƙaramin abin kuwa fankar roba ce ta Hassoumi, wadda ita kaɗai ce a ɗakin. Ya gasa wuƙa ya fara fitar da haƙora. Haƙori ɗaya ya karkace, ya rage na kusa da shi don su daidaita. Sai fiffiken ya fi sauran gajarta, ya rage sauran. Sai sauran suka fi shi gajarta. Da 'yan ɗakin suka dawo sharkaf da gumi, suka tarar da fanka tana juyi tsit, da 'yan guntayen fikafikai kamar yatsun hannu, Falalou a zaune gefenta ya harɗe ƙafa.

"Ku saurara," ya ce. "Me kuka ji?"

Hassoumi ya kai fuskarsa gaban fankar. Ko gashin gemunsa ɗaya bai motsa ba.

"Ina iskar?"

"Ɗaya bayan ɗaya, Malam Hassoumi. Yau shiru muka nema, kuma mun samu."

Tabarmarsa ce ta fara fita tsakar gida, sannan jakarsa, sannan shi.

Ranar Alhamis Hassia ta ji duk abin da ya faru, ta tsaya a gaban Tirela ta tare.

"Ni fa wasa nake yi, Falalou."

"Ba a wasa da maganar aure, ranki ya daɗe. Kuma da shaidu."

"Fankar Hassoumi fa?"

"Roba ce. Roba ba ta ɗaukar ilimi."

Ta so ta hana, dariya ta ci ƙarfinta. Gaskiyar magana, Hassia tana jin daɗin shirmen Falalou, don tun da ta zo ƙasar nan babu mai sa ta dariya kamarsa. Da yake kasuwa za ta a ranar, ta ce ya ɗauka, amma in ya kashe mata fanka ya san sauran.

Ya ɗora Tirela a ka ya kai ta bayan shagon Salifou, kuma ba kunya ya shiga ya ari zarto da abin huda ƙarfe a wurin abokin takararsa. Salifou ya miƙa masa. Falalou ya tsaya a kan fiffike ya rasa: haƙoran nan a gaba suke ko a baya? Wayarsa ba caji. Sai ya yanke shawarar ya yi su gaba da baya, don in ɗaya bai yi ba ɗayan ya yi. Ya je wurin masu yanka kaji a kasuwa ya cika buhu da gashi, ya zo ya liƙa shi jere-jere da gam. Ya yayyanka bargonsa ya manna a sama don laushi. Sannan ya ƙara wata dabara da ko mujiya ba ta san da ita ba: ya huda rami uku a kowane fiffike, wai don ƙarar da ta maƙale ta samu hanyar fita. Da ragar gaban fankar ta ƙi rufuwa saboda gashi ya yi yawa, ya jefar da ita gefe.

Salifou ya fito ya daɗe yana kallo.

"In fiffike ɗaya ya fi wani nauyi, rawa za ta yi," ya ce.

"Hassada ba kyau, Malam Salifou."

"An ɗauke kuran, ba wuta. Ga injin wutata, in za ka gwada."

"Abin da aka yi da lissafi ba ya buƙatar gwaji."

"To."

Ranar Juma'a rumfar Hassia ta cika ta batse. Waɗanda ba su taɓa cin tuwonta ba ma sun zo, wasu don aure, yawancinsu don mujiya. Wuta ta dawo tun da hantsi. Tirela tana tsaye a kusurwa an lulluɓe ta da zane kamar amarya. Sallaou ya iso daga masallaci, ƙaton mutum mai furfurar gemu, cikin farar jallabiya da ta sha guga. Aka zaunar da shi a tsakiya, Hassia ta ajiye masa tuwo da miyar kuɓewa, babbar tukunyar miyar kuma tana gefe a buɗe.

Falalou ya yi gyaran murya. "Yaya Sallaou, jama'a, yau za ku ga abin da ko a Turai sai an yi layi ake gani."

"Kunna, Injiniya, muna narkewa!" wani ya ce daga baya.

Ya yaye zane. Sai wani ya ce, "Wannan fanka ce ko kaza ce ta yi haɗari?"

Falalou ya danna lamba ɗaya. Fikafikan suka fara juyi a hankali, da nauyi. Wata 'yar iska mai ƙarnin kaza ta fito. Kuma, wallahi tallahi, ba ƙara! Falalou ya buɗe hannuwa yana juyawa yana kallon jama'a, yana ɗaga wa Hassia gira. Da ya tsaya a nan, da yanzu wani labarin nake ba ku.

"Wannan somin-taɓi ne," ya ce, ya danna lamba biyu.

Iska ta shiga ramukan nan da ya huda. Sai aka ji, a hankali, daga kusurwar rumfa: "Huuu... hu-huuu."

Hannun Sallaou ya tsaya a cikin kwano.

"Huuu... hu-huuu."

"Mujiya!" Hassoumi ya daka tsalle ya hau benci. "Na faɗa muku! Ya sa ta a cikin fankar!"

"Inna lillahi! Da rana tsaka?" in ji Sallaou.

Rumfa ta kacame. Masu salati na yi, masu neman ƙofa na yi, ƙofar kuwa ɗaya ce, ƙattai uku suka maƙale a cikinta. Falalou yana ta ɗaga murya cewa sauran ƙara ce take fita ta hanyar da ya yi mata, yanzu za ta ƙare. Ya kai hannu zai kashe, cikin ruɗewa ya danna lamba uku.

Gam ya saki. Kai, jama'a! Gashin kaza buhu guda ya tashi a cikin rumfar nan, ba raga, ba abin da zai tare. Ya cika tukunyar miya, ya cika kwanoni, ya shiga hanci da baki. Wani yankin bargo ya fallo ya manne a fuskar Hassoumi, ya faɗo daga benci yana ihun ta kama shi. Fiffike ɗaya ya yi tsirara, biyu da saura, sai Tirela ta fara rawa. Ta girgiza, ta yi tsalle, ta kama tafiya da ƙafarta ɗaya, gaf-gaf-gaf, tana kukan mujiya, kuma ba ta nufi kowa ba sai Sallaou. Dattijo ya ja da baya, ta biyo shi. Ya kauce dama, ta karkato dama. Falalou ya rungume ta ta baya, ta tafi da shi. Wayarta ce ta ƙare ta fizge daga bango, Tirela ta yi wani juyi na ƙarshe, ta faɗa kan tukunyar miya da Falalou a bayanta.

Miyar kuɓewa dai kun san halinta. Ba ta zuba ta tsaya, sai ta ja zare. Farar jallabiyar Sallaou ta koma kore daga wuya har gwiwa, gashin kaza kuma ya bi ya manne a duk inda miya ta taɓa.

Falalou ya miƙe yana santsi. "Yaya Sallaou, ka dai ji da kunnenka, a lamba ɗaya..."

"Wane ne yayanka?" Sallaou ya zare gashi daga gemunsa, miya ta biyo shi. "Hassia, wannan ne?"

Hassia ta dubi fankarta a ƙasa, fikafikai a lanƙwashe. Ta dubi miyar da ta tashi tun asuba ta kaɗa. Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma da ta dubi Falalou, da gashi a ka, da tabon mujiya a hanci, yana kallonta kamar zai yi kuka, sai tausayinsa ya kama ta. Ta yagi gefen wani kwali ta miƙa masa.

"Ka kashe min fanka, to yau kai ne fanka. Akwai sauran miya a ƙaramar tukunya, zan sake zuba wa Yaya. Ka tsaya ka yi masa fifita har ya gama. Abin da na nema tun farko shi ne iska ba ƙara. In ya cinye ba ka ce uffan ba, maganata tana nan."

Waɗanda suka gudu duk suka dawo. Malmala ɗaya ce tak, amma wannan Falalou ne. Ya karɓi kwali, ya datse baki, ya fara fifita.

Sallaou kuwa, don haushi, sai ya dinga yanko loma ƙanana yana taunawa a hankali. Jama'a suka kama tsokana.

"Ashe giris kawai take so!" in ji Hassoumi.

Falalou ya runtse ido, ya ci gaba.

"An ce ko makarantar lakol bai taɓa shiga ba."

Kumatunsa suka kumbura, jijiyar wuyansa ta miƙe, amma bai tanka ba.

"Injin motar Agadas ma ƙarya ce!"

Gumi yana zuba, ya cije leɓe har ya yi fari. Hassia ta haɗa hannuwa a ƙirji, ita kanta addu'a take yi masa a zuci. Tuwo ya yi rabi. Ya rage loma uku. Ya rage biyu. Sallaou ya yanko ta ƙarshe, ya dangwali miya, ya ɗago ta.

Sai Salifou, wanda tun ɗazu yake tsugune yana duba Tirela, ya ɗago kai ya dubi kwalin da ke hannun Falalou. Ni dai har yau ban sani ba ko da gangan ya yi.

"Kwalin nan kuwa ba ya ƙara ko kaɗan," ya ce. "Ko me ya sa?"

"Yauwa! Ka ga mai hankali!" Falalou ya ɗaga kwali sama, fuskarsa ta washe. "Ku dubi bakinsa inda ya yage, haƙora ne! Tsarin mujiya ke nan! Ni tun da na karɓa na lura, shi ya sa na juya wannan gefen gaba, don iskar in ta zo..."

Ya tsaya. Lomar tana nan a hannun Sallaou, ba ta kai baki ba.

Hassia ta rufe ido. Ta sa bakin mayafi ta share ƙwallar da ita kanta ba ta sani ba ko ta dariya ce ko ta takaici.

"Yaya," ta ce, "Salifou."

Sallaou ya jefa lomar a baki, ya haɗiye, ya ce Allah ya sanya alheri. Rumfa ta amsa da amin. Falalou kuwa ya ci gaba da fifita, don babu wanda ya ce masa ya daina.